Ranar Da Na Ce Wa Likita "Zapor"

A shekarar share fage ta koyon Rashanci, wadda ɗalibai ke kira podfak, akwai darasi guda kan zuwa wurin likita. Ranar da malamarmu ta koyar da shi ina ƙudundune cikin bargo, sanyin Mosko ya hana ni fita. Na ce a raina, ni da rabona da asibiti tun ina firamare, me zan yi da sunayen cututtuka? Kalmomin cefane kuwa na haddace su tsaf.

Cikin watan Fabrairu gudawa ta kama ni. Na ɗauki takardar inshora na nufi poliklinika, wato asibiti. Kafin in fita na leƙa littafin wani ɗan ajinmu, na ga kalmomi biyu a jere, ponos da zapor, na cafki ɗaya a gurguje.

A bakin ƙofa na sanya ledar nan shuɗiya da suke rufe takalmi da ita. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambayi abin da ke damuna. Na dafe ciki na ce "bolit zhivot", ciki na ciwo. Wannan daidai ne. Sai na ƙara da ƙarfin hali: "Zapor." Ta jero tambayoyi, ni kuwa sai "da, da" nake yi, wato e, e, alhali ko rabi ban gane ba. Ta rubuta magani.

Ashe zapor shi ne bayan gida ya ƙi fita, gudawa ita ce ponos. Maganin sakin ciki na sha a kan gudawa. Daren nan tsakanin gado da banɗaki na ƙare shi, saura ƙiris in buga 103 motar asibiti ta zo.

Da safe wani ɗan Damagaram da ke aji 4 a karatun likita ya duba takardar maganin, ya yi dariya har da hawaye. "Kai ƙanena, wa ya aike ka?"

Na so in ɗora wa harshen laifi, amma ban samu fuska ba. Da kalma ɗaya ce kawai na kuskure, da tambayoyinta sun gano ni. "Ya ne ponimayu", ban gane ba, tun makon farko na iya faɗinta. Girman kai ne ya hana ni, kada a ce ɗan jami'a bai iya ba.

Da na warware na je wa malama da ƙoƙon bara ta maimaita mini darasin. Ta yarda, amma da sharaɗi: ni zan fito a matsayin majinyaci a gaban aji.