Fim Ɗin Drishyam: Wace Uwa Ce Ke A Cikin Biyun?

 

Wannan watan hirar fim na zo mana da ita, kuma fim ɗin ba baƙo ba ne a wurin da yawa daga cikinmu, domin mu Hausawa mun daɗe da sabawa da finafinan Indiya. Sai dai wannan ba irin wanda muka saba ba ne na soyayya da rawa a kan dutse. Labari ne na kisa da bincike da ɓoye sirri, sunansa Drishyam, ma'ana abin da ido ya gani. Wani marubuci kuma darakta mai suna Jeethu Joseph ne ya fara yin sa da harshen Malayalam a shekarar 2013, sannan a 2015 Nishikant Kamat ya sake shi da harshen Hindi, inda Ajay Devgn da Tabu da Shriya Saran suka fito. A kan na Hindi ɗin zan yi magana, kuma ina gaya miki tun yanzu zan faɗi yadda ya ƙare, don abin da nake son mu duba ba zai fito ba sai an bi labarin har ƙarshe.

Ni a ganina tsara labari kamar kitso ne. Akwai tsaga, akwai kamawa, akwai tufkewa. Idan makitsiya ta karkace tun wurin tsaga, duk ƙwarewar hannunta kitson ba zai zauna ba. To mu dubi yadda aka yi tsagar wannan fim.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na farko babu wani tashin hankali. Ana nuna mana Vijay Salgaonkar, maraya wanda karatunsa bai wuce aji huɗu na firamare ba, yana zaune a wani ɗan gari a jihar Goa, sana'arsa ita ce ja wa mutane wayar tashoshin talabijin zuwa gidajensu. Mutum ne mai riƙon kuɗi, sannan mayen kallon fim ne, har yakan kwana a ofis yana kallo. Ga matarsa Nandini da ƙorafinta irin namu na a fita da su a yi sayayya, ga babbar 'yarsu Anju 'yar sakandare, ga auta Anu. Mai gaggawa zai ce an ja fim ɗin da yawa, amma duk abin da za a buƙata a gaba a nan aka ajiye shi. An nuna mana ramin taki da aka haƙa a bayan gidansu. An nuna sabon ofishin 'yan sanda da ake ginawa. An nuna wani ɗan sanda maci hanci mai suna Gaitonde wanda ba sa ga maciji da Vijay. An kuma nuna yadda Vijay yake ba mutane shawarar shari'a da abin da ya tsinta a finafinai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai dawo ya yi aiki a ƙarshe ba.

Amma babban aikin da wannan sashe ya yi shi ne ya zaunar da mu a cikin gidan. Mun ci abinci da su, mun ji gardamarsu, mun yi dariya tare da su. Kafin masifa ta zo, sun riga sun zama 'yan uwanmu.

Daga nan sai aka kama kitso. Anju ta je wani sansanin ɗalibai, wani yaro mai suna Sam ya ɗauki hotonta na bidiyo da wayarsa a ɓoye tana wanka. Ya biyo ta gida da dare yana barazanar zai watsa idan ba ta ba shi kanta ba. Nandini ta fito ta roƙe shi har da hawaye, sai mara kunyar ya juyo da buƙatarsa kan uwar. Anju ta ɗauki ƙarfe da niyyar fasa wayar, dukan ya same shi a ka, ya faɗi ya mutu. Uwa da 'ya suka binne shi a ramin takin nan, ita kuma auta tana leƙe ta ga komai. 'Yar uwa, duk uwar da ta kalli wannan wuri ba ta ji hanjinta ya kaɗa ba, to ba ta da 'ya mace, ko kuma ba ta taɓa tura 'yarta makarantar kwana ba.

Da gari ya waye Vijay ya ji abin da ya faru, sai ya ɗauki aniyar babu wanda zai shiga kurkuku a gidansa. Ya jefa motar yaron a ruwa, ya sa layin wayarsa ya bi wata babbar mota zuwa nesa, sannan ya kwashi iyalinsa zuwa birnin Panaji. Suka ci abinci a gidan abinci, suka shiga silima, suka kwana a masauki, yana tara tikiti da rasiti. Dabararsa ita ce, bayan faruwar abin ne suka yi tafiyar, amma ya dinga komawa wurin mai abinci da yaron mota da sauransu yana ta maimaita musu hirar, har ya dasa musu a ƙwaƙwalwa cewa ranar 2 da 3 ga Oktoba suka gan su. Da aka zo bincike, mutanen nan duk suka ba da shaidar ƙarya alhali sun yi imani gaskiya suke faɗa.

To a nan ne nake son ki tsaya ki lura. Sai bayan duk mun gama shiga jirgin su Vijay ne aka fito mana da uwar Sam, wato Meera Deshmukh, Sufeto-Janar ta 'yan sandan jihar. Kuma da aka fito da ita, a bakin aiki aka nuna ta, cikin kaki, fuska a murtuke, ana tatsar bayani daga bakin waɗanda aka kama ba tare da tausayi ba. Ba a nuna mana ranar da ta haifi Sam ba, ba a nuna tana goya shi ko tana jinyarsa ba. Saboda haka tun kallon farko muka ɗauke ta abokiyar gaba. Da a ce mai labarin ya fara da ita, da daren da ta yi ta kiran wayar ɗanta ɗaya tilo ba ta shiga, da kwanakin da ta yi tana jiran ƙarar motarsa a ƙofar gida, wallahi da ita za mu tausaya wa, mu riƙa addu'ar Allah Ya tona asirin wanda ya ɓatar mata da ɗa. Labarin ɗaya ne, abin da ya faru ɗaya ne, wurin da aka ajiye mu mu masu kallo ne kawai ya raba.

Yanzu mu bi taurarin ɗaya bayan ɗaya mu ga inda kowa ya faro da inda ya ƙare, domin ta nan ake gane abin da labari yake nufi.

Vijay ya faro a matsayin wanda ake rainawa saboda rashin karatu, ya ƙare ya gagari manyan 'yan sanda. An yi wa iyalinsa duka, har Gaitonde ya kai hannu kan auta, yarinyar ta tsorata ta nuna ramin. Aka tara jama'a da 'yan jarida aka tona, sai ga mushen dabba. Vijay ya riga ya san ƙaramar yarinya ba za ta iya jurewa ba, don haka ya kwashe gawar tun da wuri bai gaya wa kowa ba, ya binne ta a ƙarƙashin sabon ofishin 'yan sandan nan da aka nuna mana ana ginawa. A nan aka tufke kitso, mu kuma muka tafa. Amma in kin duba da kyau, halinsa bai canza ba. Mai wayo ne tun farko, mai son iyalinsa ne tun farko, masifa ce kawai ta fito da abin da yake ciki.

Nandini da 'ya'yanta kuwa sun tsira daga kurkuku, sai dai sun koma zama da tsoro. Kashi na biyu na fim ɗin da ya fito a 2022 ya nuna su bayan shekara 7, Vijay ya yi kuɗi har ya mallaki gidan silima, amma Anju da ta ga ɗan sanda sai jikinta ya hau rawa, Nandini ba ta da barci mai daɗi. Ita kuma auta, an koya mata ƙarya tun ba ta gama sanin gaskiya ba. Kare mutunci haƙƙi ne, kuma Anju ba ta yi niyyar kisa ba. Amma ɓoye gawa, da hana iyaye sanin makomar ɗansu, da horar da ƙananan yara a kan shaidar zur, wani lamari ne dabam da bai kamata daɗin fim ya sa mu manta da nauyinsa ba. Ko da aka sake fim ɗin a ƙasar Sin a 2019, ƙarshen dabam suka yi masa, uban ya fito ya amsa laifinsa.

Wadda tafiyarta ta fi kowa nisa ita ce Meera. Ta faro da mulki da iko, tana da tabbacin ɗanta yaro ne nagari wanda aka zalunta. Can a tsakiyar bincike aka matsa wa abokin Sam, ya faɗi maganar bidiyon. A wannan lokaci ne ta san ainihin wanda ta haifa. Kowane labari mai kyau yana kai tauraronsa mararrabar hanya, tata ke nan. Tana iya tsayawa ta ce ɗana ya yi ɓarna, ta bi doka a tsanake. Maimakon haka sai ta ƙara ƙaimi, ta bari aka daki mata da ƙaramar yarinya a gabanta. Ƙarshenta ta rasa ɗa, ta ajiye aiki, ta bar ƙasar. Kafin su tafi suka nemi ganin Vijay, mijinta Mahesh ya ba da haƙuri a kan abin da ɗansu ya aikata, ya amsa cewa da laifinsu a tarbiyyarsa, ya roƙi a gaya musu ko yana raye. Mace mai ba da umarni ta koma mai roƙo, kuma ko kabarin da za ta ziyarta ba ta samu ba.

Uwargida, ga tambayata. Duk wadda na yi hirar fim ɗin nan da ita, a matsayin Nandini take ganin kanta. Za ki ji an ce, “Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu mata,” a ci gaba da maganar haɗarin waya da makarantun kwana da yaran zamani. Ban taɓa jin wadda ta ce, “Allah kada Ka sa ɗana ya zama Sam” ba. Alhali kuwa yaran zamanin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Kowane yaro da ya tsaya wa 'yar wani a hanya, ko ya ajiye hotonta a waya yana yi mata barazana, daga wani gida ya fito, wata uwa ce ta zuba masa abinci da safe, kuma mai yiwuwa ita ma tana rantsuwa cewa ɗanta ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Dubi yadda muke yi a gidajenmu. Yarinya ta makara minti 10 daga Islamiyya, an tayar da hankali. Ɗan'uwanta ya dawo ƙarfe 11 na dare, sai a ce ai namiji ne, a ɗumama masa tuwo. Wayar yarinya kullum ana dubawa, tasa kuwa da lambar sirri, babu mai tambaya. Maƙwabciya ta kawo ƙararsa, sai mu ce hassada take yi. Malami ya hore shi, sai mu ɗauki mayafi mu tafi makaranta faɗa. Sam ɗan gata ne mai motar kansa da babbar waya, uwarsa tana iya gano ɓarawo a ko'ina cikin jiha, amma abin da yake cikin aljihun ɗanta ya ɓace mata. Ba sai kina da muƙami irin nata ba kafin ki faɗa wannan rami, so kawai ya isa ya rufe ido. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. A cikin Suratun Nur, umarnin runtse ido da tsare kai maza aka fara yi wa a aya ta 30, sannan aka zo kan mata a aya ta 31. Suratul Hujurat kuma ta hana leƙen asirin mutane. Idan mun koya wa 'yarmu sutura, wajibi ne mu koya wa ɗanmu cewa mutuncin 'yar kowa haramun ne a kansa, da hannu, da baki, da ido, da kyamarar waya. Ki san abokansa da sunayensu da gidajensu. Ki san abin da ya sa yake kulle wayarsa. Ki sa mahaifinsa ya zauna da shi su yi magana irin ta maza tun kafin ya balaga, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan aka kawo miki ƙararsa, ki saurara har ƙarshe kafin ki kare shi, mai kawo ƙara wani lokaci rahama ce Allah Ya aiko miki tun abu yana ƙarami.

A ɓangaren 'ya mace kuma, akwai abu ɗaya da gidan Vijay suka dace da shi. A daren nan Anju ba ta fuskanci masifar ita kaɗai ba, uwarta ta san halin da ake ciki ta tsaya mata. Mai barazana da hoto ba shi da makami sai tsoron da yarinya take yi wa iyayenta. Ki gaya wa 'yarki tun yau cewa duk abin da ya same ta, ke ce ta farko da za ta gaya wa, kuma ba za ki fara da zagi ko duka ba. Sannan in har hakan ta taso, a sanar da maigida da manya, a kai wa hukuma, kada a ce za a magance shi a ɓoye cikin dare.

Idan kin sake zama kallon fim irin wannan da yaranki, ki tambaye su wa aka fara nuna mana, wa aka ɓoye sai daga baya, kuma me kowa ya rasa a ƙarshe. Ki fi mai da tambayar ga samarin gidan, ki ji abin da za su ce game da Sam.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu maza da mata, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, kada Ya sa 'ya'yanmu su zama sanadin hawayen wata uwa.