Fanshon Baba Da Kuɗin Makarantata

'Yan'uwana ɗalibai, na san maganar fansho ba ta gabanku, tun da ko albashin fari ba mu gani ba. Ni kam ta dame ni, domin da fanshon mahaifina ake biya mini kuɗin makaranta.

Na karanta binciken da Madrian da Shea suka buga a 2001 kan wani kamfani a Amurka. Da can sai ma'aikaci ya nema da kansa kafin a riƙa yankar albashinsa ana tara masa, kuma kashi 37 cikin ɗari na sababbin ma'aikata kaɗai suka shiga. Da aka sa kowa ciki, sai wanda ya ce a cire shi, adadin ya kai 86. Ashe ganda ce ke hana mutane! Sai dai da yawa sun tsaya kan kashi 3 da kamfanin ya zaɓa musu, abin da ba zai riƙe tsoho ba.

A Nijeriya, dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8, ubangidansa 10. Madalla. Amma a farkon 2023 dala tana wajen Naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Ajiyar Baba kuwa da Naira aka yi ta.