Hannun Kawu

A gidanmu da ke Gangare muna da wani kawu, kurma ne tun yana yaro. Da maganar hannu muke hira da shi, har ciwon ido ya zo ya rufe wannan ƙofar ma. Yanzu sai ya ɗora hannunsa a kan namu, ya bi motsin yatsu, ya gane shayi ne ko sallah. In mun fita, shi ke nan, sai zaman shiru.

Shi ya sa muka fara bibiyar 'yan na'urorin nan da ake riƙewa a hannu. Ana haɗa su da waya. Saƙo na shigowa, sai 'yan ƙusoshi su taso su zama rubutun makafi mai ɗigo shida, yatsa ya karanta. A Jamus har safar hannu aka ƙera mai girgiza a gurbin kowane harafi.

To, amma Kawu bai je makarantar makafi ta Gindiri ba, bai san ɗigon ba. Ga sanyin Jos a Disamba, yatsa kan sandare ya kasa sa maɓalli, balle ya bambance ɗigo. Ga ƙurar hunturu, ga wutar da ba ta zama.

'Ya'yanmu da ke karatun injiniya a Jami'ar Jos, ku zo ku yini da shi kafin ku zana komai. Alama huɗu ma sun ishe mu, ya danna mu ji, mu danna ya ji: ruwa, abinci, baƙo, ciwo. Ta ciwon ce ke hana mu barci.