Hoton Hassada a Bangon Padowa

Ɗan'uwa mai karatu, ni ban taɓa zuwa Italiya ba, iyakar tafiyata Yamai. Amma wani abokina na lakwal ya ara mini littafi mai hotuna, na kwana uku ina juya shi. A ciki na ga wata ƴar majami'a ta garin Padowa, a arewacin Italiya.

Wani attajiri, Enriko, shi ya gina ta. Ya sayi filin a 1300, aka buɗe ɗakin a 1305. Ubansa da bashin riba ya tara dukiya, garin duk an sani. Har babban mawaƙinsu Dante ya sa uban cikin ƴan wuta a waƙarsa. Mutane da yawa suna ganin ɗan ya yi ginin ne don neman gafara.

Ɗakin ba shi da girma: tsawo kamar mita 21, faɗi mita 8. Daga waje bulo ne kawai. Ciki kuwa, ko'ina zane. Rufin shuɗi ne da taurari masu ruwan zinariya. Bangaye suna ɗauke da labarin Nana Maryama da Annabi Isa yadda Kirista ke ba da shi, hoto bayan hoto. Mu ba mu zana annabawa a masallaci, ka sani. Su kuwa hanyarsu ke nan, don a wancan zamani yawancin mutane ba su iya karatu ba.

Mai zanen sunansa Joto. Dubi yadda yake aiki. Ana shafa ɗanyar farar ƙasa a bango, daidai abin da zai iya zanawa a yini guda. Shi kuma ya zana kafin ta bushe, launi ya shige cikin shafen ya zauna. In ka taɓa yaɓen ɗaki, ka san irin wannan sauri. Shuɗin ne aka sa bayan bango ya bushe, shi ya sa ya kakkaɓe a wurare da dama. A 1944 bam ya rushe wani sashe na majami'ar da ke maƙwabtaka da ita, wannan ta tsira.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Daga ƙasan bango Joto ya zana halayen kirki bakwai da munanan halaye bakwai, kowane da siffar mutum. Akwai wata tsohuwa mai manyan kunnuwa, tsaye cikin wuta, ta damƙe jakar kuɗi. Maciji ya fito daga bakinta, ya juyo yana saranta a ido. Na kai littafin ajinmu na yaƙi da jahilci, na rufe sunan da yatsa, na ce: “Wace ce wannan?” Wata dattijuwa ta ce: “Malam, ai hassada ce!” Haka kuwa aka rubuta a bisa kanta da Latinanci. Aji ya fashe da dariya. Sai ta ce: “In hoto ya isa, don me muke wahala da baƙaƙe?” Wallahi a daren nan ban sami amsa ba, kuma raina bai so ba, don na ga wasu sun fara gyaɗa kai.

Washegari na buɗe musu hoton ranar hisabi, wanda ke bisa ƙofar ɗakin. Ga wani mutum a durƙushe wajen ƴan aljanna, yana miƙa wa Nana Maryama siffar ginin. Na ce: “Wannan fa?” Suka ce waliyyi ne. Na ce a'a, Enriko ne, mai kuɗin da ya biya mai zane. Zancen riba babu shi a wannan hoto, cikin rubutun littafin na same shi.

Dattijuwar ta yi shiru. Can sai ta ce: “Miƙo mini.” Ta aza yatsa ƙarƙashin hoton, ta fara haɗa baƙaƙe: “En... ri...”