Jakar bayan sulke

Wani sajan da ya yi aiki a jihar Difa bayan harin Boso na 2015 bai yarda da babbar jaka ba. Rigar sulke kaɗai ta kusa kilo 10, ga zafin da kan wuce digiri 40. Ƙarama ya zaɓa, wadda ake maƙalawa bayan rigar, a ɓalle ta in za a shiga mota. Ruwa lita 3, harsasai, ɗan guzuri, iyakarta ke nan. Maɗaurin tsaida jini kuwa a ƙirji yake ajiye shi, domin hannu ba ya kai baya. Abin da ke jakar, abokin aiki ke ciro wa mai ita. Shi ya sa ya umarci yaransa su jera kayansu iri ɗaya, domin ko cikin duhu hannun ɗan'uwa ya san inda zai nufa.