Tsakanin gawo da salula

Bara, da ɗana na fari ya ci jarrabawar bak, gardama ta tashi a zaurenmu a nan Matamaye. Shi yana son karatun kwamfuta. Mahaifina, wanda ya tsufa a gona, ya ce sam, a kai shi karatun noma da gandun daji, tunda da su aka ci aka girma. Yaron ya juyo ya dube ni ya ce, "Baba, wai dole ne sai ɗaya?" Na ce masa dole ne, kowa da layinsa. Haka aka koya mini, haka ni ma na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibaina a aji.

Ban daɗe ba na ji kunyar wannan amsa. Abin da ya sa ni kunyar kuwa shi ne aikin wata mai bincike, Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki da ta koyar a Jami'ar Tufts a Amurka, wadda ta yi shekaru tana aiki a ƙauyukan Nijar.

A 2009 da 2010 ta bi diddigin wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram. An koya wa manya karatu da lissafi da harshensu na gida. A kusan rabin ƙauyukan sai aka ƙara koya musu amfani da ƙaramar salula: gane lamba, gane harafi, rubuta saƙo. Da aka yi gwaji, waɗanda suka koyi salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji fifikonsu a lissafi bai gushe ba. Duk malami zai gane dalili. Wanda ke da ɗa a Kano ko Agadas da yake son aika wa saƙo, ba sai an roƙe shi ya yi bita ba.

Daga 2018 kuma sai ga ta a fako. Ita da abokiyar aikinta Kelsey Jack suka ɗauki ƙauyuka 180 a jihar Damagaram, suna neman sanin abin da ke hana manoma haƙa rabin wata, ramin nan da ke tare ruwan sama ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Wasu an ba su horo kaɗai, wasu horo da kuɗi. Horon kaɗai ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 suka haƙa, kuɗin kuwa bai ƙara yawan masu haƙawa ba. Ashe abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya ya nuna da hannu.

A ido ayyukan nan biyu ba su haɗa hanya ba, wannan waya, wancan ƙasa. Amma tambaya ɗaya ce take bi: me ke sa mutum ya karɓi sabon abu ya mai da shi nasa?

Ba sai mun je nesa ba ma. A 2006 Dakta Mahamane Larwanou, ɗan ƙasarmu, da abokan aikinsa sun yi nazarin Magarya, Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa manoma sun raya itatuwa a kan hekta kusan miliyan 1, akasarinsu gawo. Sassaben zamani ne ya yi wannan aiki, wato barin tsiro a gona a kula da shi maimakon a sare. Duniya ba ta gaskata ba sai da masana irin su Gray Tappan suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000. Gawon da mahaifina ya hana mu sara muna yara yana cikin ɗigon da suka ƙirga a kwamfuta.

Ga kuma mahaifiyata. Ba ta karatu, amma kullum tana aika saƙon murya ta WhatsApp. In za ta kira wani, sai ta nemo jika ya duba mata suna. Wa zai tsara mata wayar da za ta sarrafa ita kaɗai, in ba yaron da ya tashi yana duba mata sunayen ba?

Na koma na sami ɗana na ce masa, "Na yi kuskure, ba dole ba ne." Ya tafi karatun kwamfutarsa. Kakansa bai gamsu sarai ba, amma ya kafa sharaɗi: duk hutun damina, gona.

'Yan'uwana malamai da iyaye, yaron da ya tambaye mu ko dole ne sai ɗaya, kada mu yi saurin ba shi amsar da aka ba mu. Mu fara tambayarsa matsalar wa yake son warwarewa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.