Wadan Zomo a Birnin Daura

A ƙasar Daura ba a kiwo don banza. Rago na Layya ne, akuya ta suna, kaza ta baƙo, jaki kuwa na kai taki gona. Ko zomon gida da yara su kan ajiye cikin akurki, ƙarshensa tukunya ko kasuwa. Saboda haka da wani tsohon tela na cikin birni ya shiga kiwon zomon da ba zai ci ba, ba zai sayar ba, sai abokan hirarsa suka sami abin ba'a.

Ɗansa ne ya kawo masa shi daga Kano cikin kwali. Irin nan ne da a ke kira wadan zomo. Mutanen Holan suka fitar da shi, watau suka yi ta zaɓen ƙanana suna haɗawa shekara da shekaru, har aka karɓe shi a kan iri na dabam a ƙasarsu cikin 1940, a Amurka kuwa cikin 1969. Ko ya tsufa da ƙyar ya ke wuce kilo 1. Kansa dunƙulalle, idanu dara-dara, kunnuwa kuwa ba su kai tsawon ɗan yatsa ba.

Wani daga cikin abokan ya dube shi, ya ce, "Alhaji, an ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, wanda ya ci wannan me ya ci?" Tela ya yi murmushi, bai tanka ba. Tun da idonsa ya yi rauni ya bar keke, ba shi da wani abin da ke jiransa da safe sai ɗan zomon nan.

Da kaka da lokacin ɗari ba a sami wata wahala ba. Ashe bazara ce ke tafe da gwaji. Zomo ba ya gumi irin na mutum. Ta kunnuwa ya ke fitar da yawancin zafin jikinsa. Shi ya sa zomon dajinmu ke da kunnuwa zaƙo-zaƙo, jini na bin su yana hucewa. Shi kuwa wada, mutane sun gajarta masa kunne don kyaun gani, a ƙasar da sanyi ya fi yawa. In ma'aunin zafi ya haura 30 ya shiga wuya, ga shi kuwa a Daura cikin Afrilu har 40 ya kan kai. Ran nan bayan azahar aka tarad da shi ya miƙe ƙarƙashin rumfar kwano, yana haki, ko motsi ba ya yi. Uwargida ta ce, "Malam, a kai shi gindin randa." Aka kwantar da shi bisa yashi mai laima cikin ɗakin ƙasa, ta riƙa shafa masa ruwa a kunnuwa. Sai bayan magariba ya ɗaga kai. Tela kuwa ranar ko tuwo bai iya ci ba, gama ya san labarin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu, da abin da hadisi ya ce ta tarar.

Abinci ma sai da lura. Haƙoran zomo ba su daina tsiro muddin ransa, ciyawa da harawa ke goge su. Jikoki, don so, su kan tura masa tuwo da burodi, alhali zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Tela ya hana, ya kuma hana ɗaukarsa ta kunne.

Daga baya wani ya ba shi shawarar ya nemo mace, ya riƙa sayar da 'ya'ya. Ya ƙi. Ya ji cewa in aka haɗa wada da wada, wajen ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ba su rayuwa.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, irin wannan zomo ya kan yi shekara 8, har 10, shi kuwa ya haura 70. Don haka ya zaɓi wata jikarsa mai hankali, ya koya mata zaɓen harawa marar ruɓa, da duba haƙora, da rufe keji saboda muzuru. Yanzu in bazara ta kama, ita ke jiƙa yashin gindin randa kafin ta tafi makaranta.